A Mayar wa Dogara Bakwai Ɗinsa

A wani daji da ke nesa da gonakin mutane, akwai wani tafki da ake kira Tafkin Marke, inda tsuntsaye suka kusa fin ganyen itatuwa yawa. Tafkin yana da faɗi, amma wurin sauka ɗaya ne tak, wani siririn yashi da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Ta hagunsa sarƙaƙiya ce mai ƙaya, ta damansa kuma ruwa mai zurfi inda kadoji ke kwance baki buɗe, suna jiran wanda zai yi kuskure. Saboda haka tun zamanin kakanni aka kafa aikin Mai Kiran Sauka. Shi ne ke tsayawa a kan doguwar giginyar da ke bakin yashin daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, yana duban sama. Idan ya yi kira ɗaya, ka sauko. Idan ya yi biyu, ka yi ta shawagi har ya neme ka. Idan kuma an yi cunkoso, doka ta ce babba ake fara saukewa kafin yaro, don fiffiken tsoho ba ya jure jira.

Ni da nake ba ku labarin nan sunana Cindo, hankaka ne, kuma ni ne magatakardan majalisar tsuntsayen tafkin. Farin da ke ƙirjina ya sa baƙi ke zaton zuciyata ma haka take, ni kuwa ban taɓa ɓata lokacina wajen gyara musu ba. Aikina shi ne kula da tsohuwar kukar da ke bayan giginya. Kowane tsuntsu na tafkin yana da layinsa a jikinta, kuma duk damina ina ƙara masa zane ɗaya da bakina. Ma'aikacin majalisa, idan zanensa ya cika ashirin da biyar, sai ya yi ritaya ya koma cin fansho.

Fanshon kuwa, a faɗe, abin sha'awa ne: kifi uku kullum har ƙarshen rai. Sai dai a ƙololuwar wani rimi ake raba shi, wajen wata ungulu mai suna Tabawa, kuma dole mai shi ya je da kansa a tantance shi. Tsohon da ya yi ta maza ya kai can yana haki, sai Tabawa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai da wannan ƙarfin, me za ka yi da fansho? Bari mabukata su samu." Wanda kuma bai iya kaiwa ba, sai ta ce bai zo tantancewa ba. Ba wanda ya san inda kifin da ba a karɓa ba yake tafiya. Abin da kowa ya sani shi ne Tabawa ba ta taɓa ramewa ba.

To, daga nan aka samo aski. Ɓawon kuka yana da taushi, bakina kuma yana da kaifi. Ma'aikaci zai zo da hantsi riƙe da ɗan ƙadangare ko tarwaɗa, mu gaisa, mu tambayi iyali, sannan ya dubi gefe ya ce, "Malam Cindo, na zo aski." Sai in kankare masa zane uku ko biyar, in shafa laka a wurin, ya tafi yana jin kansa sabo. Abin kuma yana da daɗi, wanda ya ɗanɗana sai ya dawo baɗi. Shugaban majalisarmu, wani babba-da-jaka mai suna Barmo, wanda tsofaffi ke cewa tun suna cikin ƙwai suke jin tarinsa, damina takwas gare shi a jikin kuka. Tabawa bakwai. Ni kaina, da yake wanzamin a gida yake, na yi wa kaina har na koma tara, ɗana Mati ya girme ni da biyu. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa tayar da maganar ba. Kullum a majalisa muna ce wa juna "ranka ya daɗe", amma a jikin kuka ba ran da ke daɗewa.

Mai Kiran Saukanmu wani gauraka ne mai suna Dogara, dogo, mai murya da ake ji har ƙetaren tafki. Tare muka tashi, ya girme ni da kaɗan. Ba shi da surutu, ba shi da abokin hira sai sama. Ya san kowane garke da lokacin dawowarsa, ya san dinyar da ke sauka da gaggawa da balbelar da sai ta yi yanga. A duk shekarun da ya yi a kan giginya ba a taɓa yin karo ba, shi ya sa ba wanda ya taɓa tunawa da shi. Shi ma ya zo aski, sau ɗaya. Ranar da aka tsinci wanda ya gada a aikin, tsoho Nomau mai fansho, a mace a gindin rimi da kansa a ɗage yana kallon sama, washegari Dogara ya zo mini da tarwaɗa biyu. Bai iya ko faɗin kalmar ba, sai ya nuna kukar da baki. Na kankare masa bakwai. A lokacin da labarin nan ya faru, daminarsa talatin a wajen Allah, ashirin da uku a wajena.

Wata safiya bayan ɗaukewar ruwa, iska na kaɗawa, wata kirinjijiya, agwagwar ruwa mai fito, mai suna Marka, uwar 'ya'ya shida, ta taso daga gabas ta nemi sauka. Dogara ya yi mata kira ɗaya. Bai ga wata ƙatuwar dinya da ya riga ya kira daga yamma ba, ko kuma ya gan su ya ɗauka tsuntsu ɗaya ne. Suka haɗu daidai kan yashi. Dinya ta tashi ta karkaɗe jikinta tana zage-zage. Marka kuwa fiffikenta na dama ya karye gida biyu, kuma duk wanda ya gani ya san ita da sama sun yi sallama.

Da rana ta yi tsaka, aikin ya lafa, sai ga Dogara a gindin kuka. Bai yi sallama ba.

Ya ce, "Cindo, ka mayar mini da bakwai ɗina."

Na yi dariya, na ce, "Dogara ke nan. Aski ai ba a mayar da shi. Ka taɓa ganin wanda ya koma wurin wanzami ya ce a manna masa gashinsa?"

Ya ce, "Ba wasa nake ba. Ba na gani, Cindo. Yanzu haka da nake maka magana, farin ƙirjinka kawai nake hange."

Gaskiya na ji tausayinsa har cikin raina. Amma tausayin bai kai ya mantar da ni cewa layina yana nan ƙasa kaɗan da nasa ba, kuma lakar da na shafa wa kaina ko bushewa ba ta gama yi ba. Sai na yi abin da magatakarda ke yi idan aka kawo masa gaskiya tsirara. Na ce abin ya fi ƙarfina, sai dai majalisa.

Majalisa ta zauna a inuwar kuka bayan kwana tara, don sai da aka jira Shugaba Barmo ya warke daga ciwon gwiwa irin na yara. Dogara ya tsaya a tsakiya, ya sunkuyar da tukkunsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yan majalisa, ina gaisuwa. Ban zo roƙon ƙarin abinci ba. Na zo in faɗi abin kunyata da bakina kafin wani ya faɗa mini. Daminata talatin, ba ashirin da uku ba. Na yi aski, bakwai na aske, kuma ba wanda ya tilasta ni, tsoron yunwa ne. Yanzu idona na dama ya mutu, na hagun kuma yana mayar da tsuntsu ɗaya biyu, ya mayar da biyu ɗaya. Tun bara da kunne nake aiki. Idan gari ya yi shiru ina gane kowa da bugun fiffikensa, amma idan iska ta taso, Allah ne kaɗai ke sauke ku, ni baki kawai nake buɗewa. Ga Marka can a zaune, ba za ta ƙara tashi ba, kuma ni na kira ta. Ku sauke ni daga giginyar nan. Ko babu fansho, ku sauke ni."

Wurin ya yi tsit. Baƙo zai ɗauka jimami muke yi. Ni da na san kowa, na san kowannenmu kukar yake satar kallo, yana duba ko lakarsa ta tsage.

Shugaba Barmo ya gyara jakar wuyansa, ya shafa sanƙonsa da fiffike, ya ce, "Dogara, mun ji, kuma mun yaba da tawali'unka. Amma ka sani, majalisa ba ta aiki da abin da tsuntsu ya faɗa game da kansa. Da abin da ke jikin kuka take aiki. Idan yau muka yarda cewa layi ɗaya yana iya yin ƙarya, gobe wani mara kunya zai tashi ya ce a duba na kowa. To, a ina za a tsaya? Kai matashi ne, da sauranka. Abin da kake ji gajiya ce ta ƙuruciya, mu ma da muke ƙannenka mukan ji ta." Daga nan tari ya sarƙe shi, sai da aka ɗebo masa ruwa.

Tabawa ta karɓa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ni abin da zan ce kaɗan ne. Rimi ya cika. Masu fansho sun yi yawa, ko da yake ba sa zuwa. Idan aka ƙara mini baki ɗaya, wallahi ban san yadda zan yi ba. Sannan wannan kalma da ya ambata, aski, ni ban gane ta ba. Ga magatakarda nan, a tambaye shi. Malam Cindo, an taɓa yin wani abu mai suna haka a dajin nan?"

Na miƙe. Dogara ya juyo da idonsa mai sauran gani wajen farin ƙirjina. Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda nake, ban taɓa jin kalmar ba sai a bakin wanzaman mutane." Haka na ce, da wannan bakin nawa da ya yi kankarar. Na koma na zauna, kuma abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne yadda na ji daɗin tafin da aka yi mini.

Saura kaɗan maganar ta mutu a nan, sai wata tsattsewa mai suna Ladidi ta nemi izini. Ita baƙuwa ce ta kowace shekara, takan ƙetare hamada da teku ta dawo, ta ga dazuzzuka da yawa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba 'yar majalisa ba ce, amma ni ma a yashin nan nake sauka, kuma ina son fiffikena. A dajin da ke bayan babban teku, Mai Kiran Sauka yana cika damina ashirin yake sauka, ko yana so ko ba ya so. Sun ce aikin yana cin ido da zuciya fiye da kowane aiki, kuma har sheƙarsa ake kai masa abincinsa. A dajin duwatsu sai ashirin da biyu, amma rabin abinci ake ba shi, sauran ya nema. A wani daji can gabas suna barinsa har talatin, sai dai kowace shekara ana gwada idonsa. A saki fara daga nesa, idan bai gan ta ba ya sauka, ko da jiya ya fara aiki. Kowane daji da nasa, amma ban ga inda ake roƙon makaho ya ci gaba da kira ba sai nan."

Maganarta ta ratsa majalisa ƙwarai, musamman wajen da ta ambaci dazuzzuka masu nisa. Nan take aka kafa kwamiti ya je ya gano da idonsa. Mu tara aka zaɓa, har da jimina wadda ba ta tashi, aka ba ta guzurinta ta jira mu a gida. Dogara kuma aka ce ya koma giginya ya ci gaba da riƙe amana kafin mu dawo.

Wata uku muka yi. Ba zan ɓoye muku ba, ba mu ga teku ba. Tafiyar kwana biyu muka yi muka tarar da wata fadama da aka gama girbin shinkafa, muka ga ya fi dacewa mu zauna nan mu riƙa tambayar matafiya. Mun tambayi mutum biyu, ina nufin tsuntsu biyu, ɗayan ma kurma ne. Muka dawo kowa wuyansa ya yi kauri. Ni na tsara rahoton, kuma har yau ina alfahari da kyan jerin kalmominsa. Daga duk abin da Ladidi ta faɗa, lamba ɗaya muka ɗauka, wato talatin, don mu yi daidai da dazuzzukan da suka ci gaba. Gwajin ido da kai abinci sheƙa muka bar su, saboda ba su dace da al'adunmu ba. Don kuma a san majalisa ta damu da abin da ya sami Marka, muka ƙara doka mai tsanani: duk wanda ya sauka ba tare da an kira shi ba, ya rasa kujerarsa nan take, ko wane ne shi.

Haka Dogara, wanda ya zo yana da saura damina biyu, ya koma yana da saura bakwai. Da na je gindin giginya na karanta masa, bai yi faɗa ba. Sai ya ce, "Cindo, dokar nan ta cunkoso tana nan?"

Na ce, "Wacce?"

Ya ce, "Babba kafin yaro."

Na ce tana nan, ba mu taɓa ta ba. Ya ce to madalla. Na tafi ina cewa a raina tsufa ya fara taɓa masa kai, sai na tuna a hukumance yaro ne, na fasa.

Aka sa ranar walimar rahoto a tsakiyar bazara, lokacin da kududdufin gabas ya ƙafe, kifi na kwance a taɓo sai ɗiba. Kowa na tafkin ya je, manya da yara, in ban da Dogara da ke bakin aiki da Marka da ba ta iya zuwa. Muka ci har muka daina gane juna. Shugaba Barmo ya cika cikinsa, ya cika jakarsa, ya riƙo wani a baki saboda hanya. Da azahar, rana na dukan tsakar ka, muka taso gaba ɗaya, dubbanmu, muka nufo yashin nan mai faɗin tabarma uku.

Dogara ya yi kira biyu. Muka fara shawagi. Ya sake yin biyu. Sannan ya ɗaga muryar nan tasa da ake ji har ƙetare.

Ya ce, "Jama'a, ba na ganinku. Ina jin ku kamar ruwan sama a kan ganye, amma ban san wa ke sama wa ke ƙasa ba. Ba zan ƙara karya wa kowa fiffike ba. Saboda haka ɗaya bayan ɗaya zan sauke ku, yadda doka ta ce, babba kafin yaro. Marka tana gindin kuka, ita za ta karanto mini zane. Wanda ya ji sunansa ya sauko. Sauran a yi haƙuri a yi shawagi."

Da farko ba mu gane ba. Shugaba Barmo har ya fara saukar da ƙafafunsa, don a duk inda aka ce babba ya san da shi ake. Sai muka ji siririyar muryar Marka daga ƙasa: "Iya Tanoma balbela, ashirin da takwas." Dogara ya yi kira ɗaya, tsohuwar ta sauka a hankali. Aka kira wani jinjimi, aka kira wata hasbiya. Talakawan tafkin ba su taɓa yin aski ba. Ba wai sun fi mu tsoron Allah ba ne, kujerar da za su tsare ce ba su da ita. Haka aka yi ta sauke su, 'yan ashirin, 'yan sha tara, 'yan sha biyar, kowa ya sauka sai ya nemi inuwa ya zauna ya ɗaga kai yana kallonmu.

Rana ta karkata kaɗan, zafin bai ragu ba. Na ji an ce, "Mati ɗan Cindo, sha ɗaya." Ɗana ya wuce ta gabana, ya rusuna a cikin iska ya ce, "Baba, sai ka sauko," ya tafi abinsa. Daga nan aka shiga 'yan damina goma, waɗanda su kaɗai sun fi ɗari uku, don shekararsu an yi albarkar ƙwai. Da na duba kewaye da ni, ba kowa a sama sai matasa na gaskiya da 'yan shilan bara masu wasan alkafura, sai kuma mu, majalisa, muna zagaye kamar tsummokaran da guguwa ta ɗauka. Kafaɗuna suka fara ƙuna. A ƙasa kadoji sun matso bakin yashi, sun jeru, ba su ko ɓoye sha'awarsu. Sauka ba kira kuma ba dama, ga dokar da muka rubuta da kanmu, ga dubban shaidu a inuwa.

Tabawa ce ta fara karyewa. Ta ƙwala ihu ta ce, "Dogara! Talatin da uku nake! Wallahi talatin da uku, na ga shekarar fara da idona! Ka sauke ni!"

Dogara ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Uwar Fansho. Ba a aiki da abin da tsuntsu ya faɗa game da kansa. Da abin da ke jikin kuka ake aiki. Marka, nawa ne nata?"

Marka ta ce, "Bakwai."

Ya ce, "Yarinya ce, da sauranta." Ya yi mata kira biyu.

Daga nan sai sama ta rikice. Wannan ya ce talatin da biyar, wancan ya rantse shi ya yi goyon uwar wane. Shugaba Barmo ya saki kifin bakinsa, jakarsa na jan sa ƙasa, yana tashi yana nutsewa. Ya ce da muryar da ban taɓa jin sa da ita ba, "Arba'in da ɗaya! Dogara, don girman Allah, arba'in da ɗaya! Ni na raɗa wa ubanka suna!"

Dogara ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarda da kai, amma ni ba ni da ikon gyara zane. Magatakarda ne kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashin laka. Cindo, kana ji na?"

Na ce ina ji, ko da yake abin da ya fito daga bakina bai yi kama da magana ba.

Ya ce, "Nawa ka aske mini?"

Har 'yan shila suka bar wasa. Ina so in ce muku tsoron Allah ne ya kama ni, ko tunanin abotarmu tun muna yara. Na dai yi tunanin martabar ofishina na ɗan lokaci, sannan na dubi ƙasa na haɗa ido da wani kada.

Na ce, "Bakwai! Bakwai ne, jama'a ku shaida! Tarwaɗa biyu ya kawo mini!"

Ya ce, "Kai fa, nawa ne naka?"

Na ce, "Ashirin da tara!" Gaskiyar ashirin da bakwai ce. Biyun na ƙara ne don a yi saurin sauke ni, saboda hannun da ya saba ba ya iya faɗin lamba yadda take.

Dariyar da aka yi a inuwa, har yau idan na tuna sai gashin wuyana ya tashi. Dogara bai yi dariya ba. Ya yi mini kira ɗaya. Na faɗo kan yashi, na ja jiki zuwa gindin kuka, na zana bakwai a layinsa. Marka ta ƙirga zanen ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, ta ce, "Dogara gauraka, talatin." Ko a sabuwar dokarmu ta dazuzzukan da suka ci gaba, ya cika.

Sannan ya sauke sauran bisa abin da kowa ya furta, Shugaba Barmo a gaba. Ya faɗo kamar buhun da aka jefo daga kan rumbu, ya kwanta a yashi baki buɗe, ba wanda ya ce masa ransa ya daɗe. Dogara bai bar giginya ba sai da ɗan shila na ƙarshe ya taka ƙasa, wajen la'asar sakaliya. Dubban tsuntsaye, ko gashi ɗaya bai faɗi ba.

Sai ya rage shi kaɗai a sama. Ya buɗe fiffike, ya tsaya yana juya kai, muka gane ba ya ganin yashin. Shekara da shekaru yana kiran kowa, shi kuma ba mai kiransa. Sai Marka ta ja karyayyen fiffikenta zuwa tsakiyar yashi, ta yi fito ɗaya irin nasu na kirinjijiya. Ya bi sautin ya sauko a gefenta. A nan na yi kuka, kuma wannan karon ba don kaina ba.

Washegari majalisa ta zauna. Aka yanke cewa duk abin da aka faɗa a sama zafin rana ne, ba za a shigar da shi jikin kuka ba. Na Dogara kaɗai ya tsaya, tunda an riga an zana, kuma aka rubuta cewa an yi masa ritaya ne don ladabtarwa. Fanshonsa yana can ƙololuwar rimi, kifi uku kullum, bai taɓa zuwa tantancewa ba. Yana bakin tafki yanzu tare da Marka da 'ya'yanta, ita tana gaya masa inda fara take, shi yana kai baki. Ya rame. Na je gaishe shi kwanaki, na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya ce, "Cindo, yau wata biyu ke nan ina jin ƙarar fiffike gabana bai faɗi ba." Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban sami bakin tambaya ba.

An naɗa sabon Mai Kiran Sauka, wani zalɓe mai suna Ilu, damina sha biyu a jikin kuka. Majalisa ta yi murna da samun sabon jini, Shugaba Barmo ya yi jawabi mai tsawo a kan amfanin ba matasa dama. Ana gobe za a naɗa shi, Ilu ya zo mini da hantsi riƙe da tarwaɗa huɗu, ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya kuma gaishe da wani kututture da ke gefena yana zaton Mati ne. Ba zan faɗi abin da ya gudana tsakaninmu ba, sirrin ofis ne.

Tun daga ranar da ƙafa nake zuwa majalisa. Da nisa, ga ƙaya a hanya, amma masu tambaya ina gaya musu cewa yaro ɗan damina tara yana bukatar motsa jiki.